Bikon da Sabo Bai Je Ba

A wani ƙauye arewa da Tsanyawa, inda gonar wannan take ƙarewa a gindin dangar wancan, akwai wani manomi da ake kira Sabo. In ka gaishe shi, gwiwarka zai kalla ya amsa, kamar a nan Allah ya ajiye maka baki. Tuwon dawa da miyar kuka yake ci a akushi guda tun yana saurayi. Ranar da aka sauya masa kwano, haƙura ya yi da abincin. In injin niƙa ya tashi, sai ya toshe kunne ya yi bayan gari. Amma a gona babu na biyunsa. Tsofaffi sun ce iska ce ta shafe shi yana jariri. Daga baya wani likita ya yi bayani a rediyo kan wata lalura, wai galahanga. 'Yan majalisa suka ce ai Sabo ake nufi, suka yi dariya, suka ci gaba da ɓare gyaɗarsu.

Hure ita ta zaɓe shi, ido biyu. Bazawara ce, ta fito daga gidan wani dillalin shanu mai zaƙin baki da saurin hannu, ta rantse ta ƙoshi da namiji mai surutu. Allah ya amsa mata, har da gyara.

Cikin wata uku ta gane mutuminta. Ba a yi masa habaici, ba a ɓata masa rai a jira ya tambayi dalili. Faɗa masa ake yi, da rana da lokaci. Sai ta ce gobe Laraba ya je ya gaida innarsa, ya riƙe goro, ya zauna ya ɗan jima. Zai je, da goron, ya zauna ya ɗan jima. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa yi mata ƙarya ba, ko irin 'yar ƙaryar da mace ke so, wadda ake cewa miya ta yi daɗi alhali gishiri ya wuce. Haka suka shekara tara.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Kulu. Ita kaɗai ce a duniya ta isa ta tsoma hannu a akushin Sabo. Tana da shekara biyu zazzaɓin damina ya ɗauke ta, kwana uku kacal.

Da aka dawo daga maƙabarta, maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Kowa ya zo sai ya kama hannun Sabo, ya matse, ya yi masa addu'a a kunne. Sabo ya jure mutum ashirin. Na ashirin da ɗaya yana miƙo hannu, ya tashi ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Labari ya riga shi shiga cikin gida. Mata suka yi ta salati, wata ta ce ko akuya ta fi haka jin ɗanta.

Ya dawo da la'asar tafin hannunsa duk ya fashe. Hure ta ga jinin, amma ba jini take nema ba, kalma ɗaya take jira. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon turmi, ya ce ya gama maimai a gonar gabas.

Ana yin sadakar bakwai ta ɗaure kayanta ta hau mota sai Shanono, gidan yayanta Abdulkabir. Ba ta ce masa komai ba.

To, kowa a ƙasar nan ya san yaji, ya san biko. Mace ta tafi, miji ya bi ta da dattijo da goro, a ɗan zage shi, ya sunkuyar da kai, a ba shi matarsa. Ko wanda ya yi aure jiya ya sani. Shi ya sa babu wanda ya ga dalilin faɗa wa Sabo. 'Yan majalisa dai sun samu abin nishaɗi. Su tambaye shi ina uwargida, ya ce tana Shanono. Su ce yaushe za ta dawo, ya ce ba ta faɗa ba tukuna.

Hure kuwa ta sani sarai ba zai zo ba sai an faɗa masa. Wayarta na ƙulle a bakin zane, lambarsa na ciki. Da ta kira ta ce ya zo Juma'a, da hantsi za a gan shi a zaure. Amma ta ce a ranta, sau ɗaya dai, sau ɗaya tak a rayuwa, ya zo ba tare da an aike shi ba. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta miƙe ta leƙa ta kafar zana.

Kwana arba'in. Abdulkabir ya ce wannan ba lalura ba ce, raini ne, ba a gidan ubansu za a yi shi ba. Ya aika wa Sabo ya zo ranar Asabar. Sabo ya zo ranar Asabar, da goro.

Zaure ya cika da dattawa. Hure na bayan zana, mata sun kewaye ta. Abdulkabir ya jera laifuka tun daga maƙabarta, sannan ya ce ƙanwarsa ta gama zama da shi, takardarta take so, kuma uku, don kada a sake wahalar da kowa.

Sabo ya daɗe yana murza goron. Sai ya juya wajen zana.

"Hure, ke kika ce?"

Ta buɗe baki. Matar yayanta ta danne mata gwiwa, ta raɗa mata cewa in ta tanka a gaban surukai da iyaye ta zubar da mutuncin gidan nan har abada. Hure ta yi tunanin zai sake tambaya. Kowane namiji zai sake tambaya, ya roƙa, ya rantse.

"Ka ji dai," in ji Abdulkabir. "Shirun nan amsa ce."

Sabo bai saba musu da abin da aka faɗa masa ƙarara ba. Malamin unguwa ya faɗi kalmar saki, Sabo ya maimaita, sau uku, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Aka rubuta, ya dangwala yatsa. Wani dattijo ya ce kun ga, ko a jikinsa.

Ya miƙe ya sa takalmi. A bakin zaure ya tsaya, ya fuskanci zanar.

"Kullum ina cajin waya a shagon Mati," ya ce. "Ina jira ki ce in zo."

Hure ta ture matar yayanta ta fito ba mayafi. Ta ce ba ta ce ya sake ta ba, ba ta taɓa cewa ba, ta faɗa da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Malam ya sunkuyar da kai, ya ce uku dai uku ce, sai dai haƙuri.

Sabo ya dubi ƙasa, ya dubi takardar a hannun malam. Ya tambaya, yanzu me zai yi. Duk zauren nan, mutum goma sha wani abu, babu wanda ya amsa masa.