Shaidar da Malam Muttaka Ya Ƙi Gogewa

Malam Muttaka haifaffen Gidan Kanya ne, wani ɗan ƙauye can wajen Damari. Da gyaran rediyo ya soma, a gindin bishiyar da ƙauyen ya ci sunanta, inda dattawa ke shimfiɗa buzu bayan la'asar suna jira ya gama su ji labarun duniya. Da rediyo ya ja baya ya koma gyaran waya, daga waya ya shiga kwamfuta. Bai yi boko mai zurfi ba, amma Allah ya ba shi haƙurin zama da abu har sai ya gane kansa. Wannan haƙurin ne ya sa wata ƙungiya mai taimakon ƙananan asibitoci ta kai shi horo Katsina, sannan ta damƙa masa na'urori huɗu: ɗaya a Ƙanƙara, ɗaya a Sabuwa, ɗaya a Mairuwa, ta huɗun a ɗakin shan magani na ƙauyensu.

Na'urorin a haɗe suke ta intanet, suna aiki kamar 'yan gida ɗaya. Kowace manhaja an ɗaure ta da duk kayan aikinta a ƙunshi guda, wanda masu sana'ar ke kira kwantena, yadda za a iya sauke ta kan kowace na'ura ta kama aiki. Akwai kuma wata manhajar da aikinta rabo, ita ke cewa wannan kwantenar nan za ta zauna, waccan can. Mai rabon ba ta da ido, shaidar da aka rubuta wa na'ura kawai take karantawa. Shi ya sa Malam Muttaka ya yi wa kowace shaida biyu: sunan garinta, da irin wutar da take sha. Mai sola ya rubuta mata "rana", mai janareta ya rubuta mata "inji". Sannan ya kafa doka cewa manhajar katunan mata masu juna biyu ba ta zama sai a kan "rana", don ita ba a so ta ɗauke ko na minti ɗaya.

Ta Gidan Kanya ita ce ta gaban goshinsa. Da hannunsa ya hau rufin kwano ya ɗaura mata sola, matan ƙauye na ƙasa suna miƙo masa fura. Shekara uku ba ta taɓa tari ba. Sai zaman ƙauye ya gagara, mutane suka kwashe zuwa garuruwa. Ya naɗe ta a bargo, ya goyo ta a babur har Mairuwa, ya ajiye a ɗakin ajiya na asibiti, ya jona ta da janareta. Solar tana can kan rufi. Shaidar kuwa bai taɓa ta ba. Ya ce ai kafin shuka za a koma, me zai sa ya goge abin da zai sake rubutawa? Damina biyu suka wuce. Duk sanda ya buɗe kwamfutarsa ya ga "Gidan Kanya, rana", sai ya ji kamar ƙauyen na nan yadda ya bar shi, har da ƙarar turmi da safe.

Wata Litinin aka kashe na'urar Ƙanƙara, wadda katunan ke kanta, don gyara. Mai rabo ta duba ta ga "rana" biyu suka rage, ta Sabuwa cike da aiki, ta Gidan Kanya kuwa zaune ba komai a kanta, sai ta sauke katunan a can. Washegari ranar awo ce. Da hantsi janareta ya yi tari ya mutu, katunan suka tafi da shi, kuma ita wannan manhajar ba ta ƙaura da kanta in na'ura ta mutu a ƙarƙashinta, sai an sa mata hannu.

Ungozomar asibitin Mairuwa, Hajiya Safara'u, taubashiyarsa ce, ita ma 'yar Gidan Kanya. Ta same shi a ɗakin ajiya, allon kwamfutar da take duba katuna da shi a hannu.

"Injiniyan gindin kanya, ina katunana?"

"Hajiya, yanzun nan za su dawo."

"Yanzu irin naka ko irin na mutane? Mata talatin na bisa tabarma. Ga Sumayya ɗiyar Malam Sanusi, ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau. Akwai maganin da jikinta bai so, ita ba ta san sunanshi ba, ni ma na mance. A katin yake."

Ya buɗe kwamfutarsa, ya jona da wayarsa, ya duba. Bai ɗauki lokaci ba ya ga inda katunan suka kwana. Ya tsura wa layin na'urar ido. Ta leƙo ta bayan kafaɗarsa, ta bi layin da yatsa.

"Mi aka rubuta nan? Rana? Wace ranar ke shigowa ɗakin nan, ko taga babu?"

"Shaidarta ce ta can gida."

"To can gidan take? Kai da ka ce mani abin nan bai san ƙarya ba, duk abin da ka gaya mashi shi yake bi. Ashe kai ne ke yi mashi."

"Na ɗauka za mu koma ne, Hajiya."

Ta sassauta murya. "Ni ma makullin ɗakina na nan ƙulle a bakin zanena. Amma ban taɓa aiken majinyaci can ba."

Ya saki katunan, mai rabo ta kai su Sabuwa. Ba a yi minti biyar ba allon Hajiya Safara'u ya kawo. Ta nemo sunan Sumayya, ta karanta, ta kira wata ma'aikaciya ta ce ta mayar da kwalbar da ta ɗauko ta kawo ɗayar. Har Hajiya ta kai bakin ƙofa, sai ta ga bai rufe kwamfutar ba.

Da zai bar abin haka, da ya bari, tunda aiki ya dawo. Amma ya san ranar da aka sake kashe wata na'urar, nan mai rabo za ta sake kawo su. Ya goge "rana", ya rubuta "inji" da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi.

"Sunan garin fa?" in ji ta. "Shi ma Mairuwa za ka mai da shi?"

"Babu aikin da ke bin wannan. A bar mata shi."

"To a bar mata," ta ce, ta fita ta kira mace ta gaba.