Abayata a Kan Hoton Kakar Madam

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta la'asar ɗin da na ji ihun Madam daga falo, ina madafi ina yanka albasa. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ji jiniya sai ranar ta dawo mini.

Lokacin ban daɗe da kama aiki a wani gida a unguwar Abhur da ke Jidda ba. Matar gidan 'yar Suwidin ce, tana zaune da mahaifiyarta, tsohuwa tukuf da ke kwance a sama ba lafiya. Ni kuwa umara muka zo da Innata muka zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya mana. Kullum zan fito daga unguwarmu Nuzla sai Inna ta ce, "Ki yi aikinki ki sunkuyar da kai, kada ki ja mana ido."

A falon akwai wani ƙaton hoto na fenti, wata mace cikin baƙaƙen kaya, da tarin makullai a ƙugunta. Madam ta taɓa ba ni labarinta da gurgun Larabcinta. Wai kakar kakanninsu ce, ɗaruruwan shekaru baya. Tana budurwa aka kai ta fada tana yi wa sarauniya hidima, da mijinta ya mutu a yaƙi ta karɓi maƙerar narka ƙarfe da jiragen ruwansa ta riƙe, har manyan maza take makawa a kotu. Ni dai idanunta nake tsoro, duk inda ka tsaya kai suke kallo.

Ranar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗakin da aka ba ni, ya lalace, zafi ya hana ni sakat, sai na shimfiɗa darduma a falo. To ya zan yi salla wannan mata na kallona? Na ɗauko baƙar abayata na lulluɓe hoton, yadda ko Inna za ta yi. Na idar, na koma aiki, na manta.

Da na ji ihun na rugo, na tarar da Madam, dawowarta ke nan, durƙushe a ƙasa, jakarta a yashe, tana nuna hoton tana kuka.

"Yaushe?" ta ce. "Yaushe abin ya faru?"

Na ce, "Tun azahar, Madam."

Sai ta ƙara ƙwala ihu. "Tun azahar, ba ki kira ni ba?"

Kaina ya ɗaure. A kira ta a kan me? Ta ƙwala wa direba kira, ta ce ya buga waya yanzu yanzu, ta haye sama tana tangaɗi. Ni na tsaya ina kallon abaya. Ko fentin ya kama ƙyallen? Ko hoton abin bautarsu ne na wulaƙanta? Ban gama tunani ba na ji jiniya tana matsowa. Na ce shi ke nan, 'yan sanda ne, yau a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, zan kwana, gobe a jefa ni jirgi, Inna na can tana jirana da tuwo. Na shige ɗakin wanki na maƙale bayan inji, duk addu'ar da na kama sai ta kufce mini.

Ban san iya zaman da na yi ba. Direban ne ya buɗe ƙofa, dattijo haifaffen Jidda, Baba muke ce masa.

"Ke 'yata, me kike yi a nan kamar kyanwa? Yalla, fito."

"Baba don Allah ka ce ba ka gan ni ba."

"Wallahi na gan ki. Kin kashe tsohuwa da ranta, yanzu kuma kin ɓuya?"

Na fashe da kuka, ina rantsuwa ko ɗakinta ban shiga ba. Sai ya kama dariya har da riƙe ciki. Ashe a danginsu Madam, tun zamanin waccan matar, ba a rufe hoton nan da baƙin ƙyalle sai an yi mutuwa a gidan. Motar asibiti ce ta zo, ba 'yan sanda ba. Tsohuwa kuwa barcinta take, hayaniya ta tashe ta, tana ta faɗa wai a kawo mata gahawa.

Gab da magariba Madam ta same ni a madafi, idanunta jajur, ta miƙo mini abayata a ninke. Na riga na faɗa wa Baba dalilina, shi kuma ya yi mata bayanin salla. Na ce, "Za ki kai ni wurin 'yan sanda?" Ta dube ni, da alama sai lokacin ta gane abin da ya sa na ɓuya. Ta ce, "Halas, shi ke nan. Babu inda za ki. Ba wanda ya tambaye ki, ba wanda zai tambaya."

Na zauna a ƙasa.

Abin da na ɗauka daga ranar, a gidan wasu ba na ƙara taɓa abin da ban san ma'anarsa a wurinsu ba sai na tambaya. Ni salla kawai na so in yi, amma baiwar Allah ta yi kukan uwarta tun tana raye, ni ma na yi bankwana da tawa a bayan injin wanki.