Murya ta Huɗu

Mama ta daina waƙa ranar da muka binne Baba. Ba mu lura da wuri ba, don gidan makoki ba ya rasa masu waƙa. Sai da na ɗauko ta daga Jos na kawo ta wurina a Clinton, jihar Maryland ta Amurka, wata huɗu bayan rasuwar, sannan na gane. Matar da ta tsufa tana ba da waƙa a zumuntar mata, wadda ko albasa take yankawa sai ta yi mata amshi, ita ce yanzu take tsayawa kusa da ni a coci ran Lahadi, littafin waƙoƙi a buɗe a hannunta, baki a rufe. Tana cin abinci, tana shan magani, tana gaida mutane. Amma na san rabin uwata na kawo, kuma abin yana ci mini rai. Aikin jinya nake yi. Na ga tsofaffi da yawa da suka fara da yin shiru, na kuma ga inda shirun ya kai su.

Da cikar shekara ɗaya ta matso, muka shirya ɗan taron addu'a a gida. Nan wata dabara ta faɗo mini. Baba yana da wani kaset da ya ɗauka daga rediyo tun kafin a haife ni, na tsofaffin waƙoƙin soyayya na Amurka, irin waɗanda mutum uku ko huɗu suke rerawa muryoyinsu a manne da juna. Akwai guda ɗaya da yake sawa kowace Asabar da safe yana goge takalmansa. Yana da wata al'ada kuma: da ta zo ƙarshe, kafin amon ya gama mutuwa, sai ya yi wuf ya kashe, ya zare kaset ɗin, ya zura biro ya mayar da shi baya da hannu, wai kada batir ya ƙare. Mama kuwa daga tsakar gida take jefo masa magana, kalma ɗaya ba ta canzawa: "Waƙar duniya da sassafe, a gidan dattijon ikilisiya." Shi kuma ya yi murmushi ya ci gaba da goge takalmi.

Na ce a raina, tunda waƙoƙin Allah sun kasa buɗe bakinta, bari in gwada ta duniya. Ko faɗa ta yi mini, na samu.

Samun waƙar bai yi wuya ba, ina tuna kalmomi biyar na amshin na buga a waya, sai ga ta. Masu rerawa ma akwai su: ƙawata 'yar Kafanchan da muke aiki asibiti ɗaya, tana zaune a Landover, da wata ƙanwarmu a coci 'yar Pankshin mai karatun haɗa magunguna. Dukanmu a kwaya, ƙungiyar mawaƙan coci, muka tashi. Sai dai ba wadda ta iya karanta rubutun waƙa na Turawa, mai layi biyar da baƙaƙen ɗigo masu jela. Mu do, re, mi aka koya mana da alli a allo, da bulala a gefe. Saboda haka dole in zauna in fitar da kowace murya da kunnena, in rubuta ta yadda muka iya.

Ban san haka aikin yake da daɗi ba. Ranakun da ba na zuwa asibiti, bayan abincin rana, sai in shimfiɗa littafi a teburin kicin, ga waya, ga wani ƙaramin kibod na kiɗa da 'yata ta bari da ta tafi jami'a. In saki waƙar daƙiƙa biyu, in tsayar, in rera, in lalubo a kibod, in rubuta. Murya ta ɗaya ba ta ba ni wahala ba, ita ce a sama, kowa yana jin ta. Ta ƙasa ma na kama ta a kwana biyu. Ta tsakiya ce 'yar banza. Kamar gishiri take a miya, ka san yana ciki amma ba ka ganinsa. Sai na koyi in rera ta sama da ƙarfi tare da su, abin da ya rage a kunnena shi ne ita. A wani wurin ma na gano ta tsakiyar tana haurawa saman ta ɗaya na ɗan lokaci sannan ta sauko, ni kuma na yi kwana uku ina bin mutum ɗaya ashe biyu ne suka yi musayar wuri.

Sai kuma amon da kayan kiɗa suke bugawa a ƙarƙashi. Kunnenmu na coci gida uku ya sani: na do, na fa, na so. Duk waƙar da ka kawo, a cikin gidajen nan uku za mu sauke ta. Waɗannan mutane kuwa sai su gina gidan do lafiya lau, sannan su ƙara masa wani amo ɗaya da ba a gayyace shi ba. Idan na buga shi shi kaɗai a kibod sai in ce kuskure ne, malamin kwayarmu da ya ji da ya ɗaga bulala. Amma idan ya zauna cikin 'yan'uwansa, shi ne yake sa tsigar jiki ta tashi. Nakan zauna ina buga shi ina cirewa, ina buga shi ina cirewa, har shayina ya huce.

Mama tana falo duk wannan lokaci, inda take jin komai. Ba ta ce waƙar duniya ba.

Da na gama, na ƙirga: murya uku. Sai na tsaya, don waƙar da ke kaina huɗu ce. Na rantse akwai wata a can ƙasa, mai kauri, ba ta faɗin kalmomi, gunji kawai take yi da baki a rufe. A ƙarshen amshi tana saukowa a hankali, so, fa, mi, re, kamar mai sauka daga tsani da tulu a ka. Tun ina 'yar firamare nake bin ta idan ina wanke kwanuka. Na sa abin ji a kunne ɗaya, na mayar ɗayan. Na rage wa waƙar gudu har mawaƙan suka koma kamar masu magagin barci. Na nemo wasu ɗauka guda uku na waƙar, har da wanda suka yi a gaban jama'a, na ga su da idona a bidiyo: mutum uku ne a tsaye, cikin kwat iri ɗaya.

Ranar gwaji na farko na faɗa wa ƙawayena. 'Yar Pankshin ta ce wataƙila jita ce mai kaurin murya nake ɗauka mutum. Na ce jita ba ta numfashi, wannan kuwa ina jin inda take jan iska.

'Yar Kafanchan ta yi dariya ta ce, "Ke dai faɗi gaskiya, tsufa ne ya fara ta kunne. Mutane uku ga su a hoto, ke kin ce huɗu. Na huɗun aljani ne?"

Na ji haushi, don ni mai alfahari da kunnena ce, a kwaya ni ake juyowa a kalla idan an ɓace. Muka rera ukun da ke takarda. Ta yi daɗi, ba ƙarya. Amma ni ji nake kamar an yi tuwo an yi miya, an manta ba a kawo tabarma ba.

Washegari da safe na sauko zan dafa shayi, sai na ga wani abu a kan littafina, a naɗe cikin tsohon kallabi. Kaset ɗin ne, da rubutun Baba a jikinsa. Ashe yana cikin akwatinta tun daga Jos. Mama tana zaune tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Na ce, "Mama, ina kwana." Ta ce, "Lafiya lau. Kun ishe ni da musu jiya."

To, abin nema ya samu, sai dai ina zan sa shi? A duk Maryland ban san mai rakoda ba. Na yi ta cigiya a wurin aiki har wata Hajiya 'yar Kano, likitar yara, ta ce mijinta yana da wata tsohuwar mota da ya ƙi rabuwa da ita, kuma tana cin kaset. Ta ce, "Shekara nawa ina roƙonsa ya sayar da gwangwanin nan. Yau kin ba shi hujja, na shiga uku."

Ran Asabar da yamma muka tafi gidansu a Annandale. Na ce Mama ta raka ni don kada ta zauna ita kaɗai, ban yi zaton za ta yarda ba, sai ga ta da gyale. Alhajin nata, injiniya ne mai furfura, ya rusuna ya gaishe ta, "Mama, kun zo lafiya? Ya ƙarin haƙuri?" Sannan ya kai mu wurin motar yana ta fara'a, yana cewa Hajiya ta gani da idonta, da tsohuwar zuma ake magani. Ya zauna a gaba, ni a gefensa da littafi da biro, Mama da Hajiya a baya. Motar tana tsaye a ƙofar gida, maƙwabcinsu yana yanke ciyawa yana kallonmu.

Kaset ya fara da shuuu. Sai muryar mai gabatarwa a rediyo, sai waƙar. Abu na farko da na lura, amonta ya fi na waya hawa sama da kaɗan. Alhaji ya ce alama ce batir ya yi sanyi lokacin da ake ɗauka. Abu na biyu, akwai ƙarar ruwa a bokiti, da kukan akuya daga nesa. Sai a lokacin na tuna yadda ake ɗaukar waƙa a zamanin: a ajiye rakoda a gaban rediyo, a danna, duk abin da ke gidan ya shiga.

Amshi ya zo, sai ga ta. So, fa, mi, re. Na kusa yin ihu don murna, kunnena bai yi ƙarya ba. Na shiga rubutu da sauri, kaina a ƙasa, ina mamakin yadda take bin gidajen nan uku namu na coci, ba irin na masu kwat ba, amma ta zauna daram a ƙarƙashinsu. A amon ƙarshe wani zakara ya yi cara ya rufe ta, ban ji inda ta sauka ba.

Nan ne Baba yake tashi ya kashe. A motar ba wanda ya san da haka, kaset ya ci gaba da tafiya. Sai muryar wata matashiyar mace, kusa sosai, da dariya a cikinta: "Ɗauka kake yi? Goge shi, don Allah, kada matar Pasto ta ji." Sai muryar Baba, saurayi, wadda ban taɓa ji ba: "Zan goge."

Ban juya ba. Alhaji ya rage ƙarar a hankali ya kalli sitiyari. Daga kujerar baya na ji Mama ta ce, ba da kowa ba, "Har ya tafi bai goge ba."

A hanyar komawa na yi ta lissafi a raina. Duk Asabar ɗin nan, shi yana sa waƙar don ya ji matarsa, ita tana faɗan waƙar duniya don kada mu gane, shi kuma yana tsere da biro kada asirinta ya tonu. Mu 'ya'ya muna tsakiya muna wanke kwanuka, rashin sani ya fi dare duhu. Dariya ta kama ni a kan babbar hanya, hawaye kuma suna zuba, har na wuce mahaɗar da zan fita.

Na rubuta murya ta huɗu a ƙasan sauran, layi guda cikakke, ban da gurbin ƙarshe da zakara ya cinye. Na tambayi Mama. Ta ce ta manta, abin ƙuruciya ne. Ban matsa ba. Na sa do, don a coci duk murya ta huɗu a kan do take kwana.

Kwana biyu kafin taron muka yi gwajin ƙarshe a kicin. Mu uku ne, muryoyi huɗu, saboda haka na bar wa kibod ta ƙasan ina bugawa da yatsa ɗaya. 'Yar Kafanchan, da ta riga ta ji labari, ba ta yi tsokana ba ranar. Muka zo ƙarshen amshi, yatsana ya sauko, so, fa, mi, re, do.

"Ba nan ba ne."

Mama ce a bakin ƙofa, da kofi a hannu. Na ce, "Mama, do ne ai, ina kuma za ta je?"

Ta girgiza kai. Ta gyara murya, ta rufe baki, ta sauko da kanta. Muryar ta dushe, ta karye a kan mi, ta kama ta ci gaba. Da ta zo re ba ta tsaya a do ba, ta tsallake shi ta sauka can ƙasa, a kan amon nan da ba a gayyata ba, wanda na yi makonni ina bugawa ina cirewa. Na lalubo shi a kibod. La ne.

Na soke do na rubuta la. Mama ta ajiye kofin, ta jawo kujera ta zauna kusa da 'yar Pankshin, ta ture hannuna daga kan kibod ɗin.

"Kashe abin nan," ta ce. "Ku ɗauko daga farko."