Baƙo Ba Ya Tari da Ƙarfi

Duk wanda ya san Malam Sule Baitari, wato likitan dabbobi da Larabcin nan Gadarif, ya san hannunsa na dama ba shi da wurin zama sai ƙirjinsa. Yana tafiya yana dafa ƙirji, yana shan gahawar jabana yana dafa ƙirji, ko a sahun salla, da an sallame, kafin ya ɗauki carbi sai ya taɓa wurin. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ciwon zuciya gare shi. Ina! Wata 'yar jakar fata ce rataye a ƙarƙashin jallabiyarsa, a cikinta akwai iƙamarsa, takardar izinin zama da aiki, ya naɗe ta cikin leda uku kamar laya. In zai yi wanka sai ya rataye ta a ƙusa daidai idonsa, kuma sabulu ba ya zuwa fuskarsa, don kada ya runtse.

Kun san na yi yawo. Na yi dako a Jidda, na tuƙa babbar mota tsakanin Kano da Njamena, na sayar da fata a Asmara. A Jidda na ga masu gudun 'yan sanda don ba su da takarda. A Njamena na ga masu gudu don takardarsu ta jabu ce. Amma mai gudu da takardarsa lafiya lau, ga hoto ga hatimi, a kan Baitari na fara gani. Ko tari ya kama shi a kasuwa sai ya cire hula ya yi shi a ciki. In na yi masa dariya ya ce, "Yaya Garba, kai ɗan ƙasa ne. Baƙo ba ya tari da ƙarfi."

Daga Katsina ya taso, da shaidar karatun likitan dabbobi, kuma dawaki ne fanninsa. Wani dillali ya yi masa alkawarin aiki a bargar wani attajiri can hayin Bahar Maliya, ya ce ya jira wasiƙar kafili a Khartum. Kafili shi ne wanda zai tsaya maka gaban hukuma ya ce aikinsa kake yi, in babu shi babu zama. To, wasiƙar nan har yau tana hanya. Da ya gaji da jira, ya ji ana cewa gonakin Gadarif ido ba ya ganin ƙarshensu, sai ya yi lissafi irin na mutanen gida: inda gona ta yi yawa, ai doki ma ya yi yawa. Ya iso ya tarar da tarakta.

Ni na zama tafintansa, don Larabcinsa na littafi ne. In ya tambayi kuɗin albasa a kasuwa sai mutane su ɗaga hannu su ce amin. Muka zaga masu manyan gonakin dawa da riɗi, har Fau, har Mafaza, yana riƙe da shaidarsa da hannu biyu. Wani mai gona ya karɓa ya juya ta, ya nuna masa tarakta ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ga dokina nan, gas yake sha. In ya yi zazzaɓi zan aiko maka." Daga ƙarshe Hajji Bashir ya ɗauke shi, don shi ban da gona yana shigo da dawaki ta kan iyakar Gallabat yana sayar wa masu karo, waɗannan kekunan doki masu ɗaukar buhuna a kasuwa. Ya sa hannu ya zama kafilinsa, ya karɓi fasfonsa ya kulle a aljihun tebur.

Kuna tuna bai taɓa hawa doki ba? Wata damina Hajji ya aiko masa da doki an ɗaura sirdi, ya ce ya zo gona da gaggawa. Kun san baƙar lakar garin nan, wadda ke cire wa mutum takalmi ba ta mayar masa. Baitari ya kama linzami ya shiga gaba, doki na biye, tun hantsi har azahar. Ya isa laka har gwiwa, doki kuwa ko gumi bai yi ba.

Na ce, "Haba Malam Sule! Don me aka yi sirdi?"

Ya ce, "Ka taɓa ganin likita ya hau majinyaci?"

"Ai wannan lafiyarsa ƙalau!"

"To in na hau ya gurɗe ƙafa, wa za a kora daga ƙasar, ni ko shi?"

Ranar da aka yi kasha a kasuwar hatsi kuwa, 'yan sanda suka tare ƙofofi suna neman takardun baƙi, aka nemi Baitari aka rasa. Akwai wani ingarman Adamu mai karo da ake kira Ifritu, wanda ya taɓa karya haƙarƙarin mutum biyu. Can na hango ƙafafu shida a ƙarƙashinsa. Baitari ne tsugune a ƙarƙashin cikin Ifritu, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya yana shafa cikin dokin yana masa raɗa. Wani ɗan sanda ya matso, Ifritu ya kwantar da kunne, ɗan sandan ya tuna yana da aiki a wata ƙofar.

Da aka watse na ce, "Kai da takardarka take daidai, me ya kai ka gindin mutuwa?"

Ya ce, "Takardar daidai take. In mai karantawar ne ba daidai ba fa? Shi Ifritu na san ta inda zai harbo."

Mun yi dariya har da hawaye. Amma abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne, kuma da yawanku rabinsa kuka sani.

Wata kaka, saura kwana tara iƙamarsa ta ƙare, Hajji Bashir ya kira mu barga. Ya shigo da dawaki shida daga Gallabat, an goge su da mai suna sheƙi. Masu karo kuwa a lokacin ba sa sayen doki sai sun ga takardar Baitari. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe hanci, ya shafa wuya. A kan na uku na ga hannunsa ya tsaya. Ya koma na farko ya sake dubawa. Ya juyo gare ni fuskarsa kamar toka, ya ce da Hausa, "Yaya, ciwon nan ne mai majina da ƙuraje a jere. Uku sun kamu. In suka sha ruwa a kwamin kasuwa, dawakin garin nan sun ƙare. Kuma yana kama mutum."

Hajji ya miƙo masa alƙalami yana murmushi. Ya ce, "Ya daktor, takarda biyu ce a gabanmu. Ka sa hannu a tawa, in sa hannu a taka."

Baitari bai karɓi alƙalamin ba. Ya ce mini, "Gaya masa ba zan sa ba."

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na juya na ce da Larabci, "Daktor ya ce a ba shi kwana biyu ya yi tunani."

Ashe Larabcin littafi yana jin na kasuwa. Ya matsar da ni gefe, ya dubi Hajji, ya ce, "La." Muryarsa ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. Ya sake cewa, "La, wallahi." Hajji ya aika aka ɗauko fasfon, ya jefa shi cikin harawa ya ce, "Khalas. Nemi wani kafilin."

Daga nan bai wuce gida ba. Da ƙafarsa ya je ofishin dabbobi ya kai rahoto, mutumin da ke canza hanya in ya hango kakin ɗan gidan waya. Aka killace dawakin a ranar.

Washegari ya zo rumfata, inda nake sayar da linzami da igiya, ina da lasisin hukuma. Ya zauna ya daɗe yana juya finjali. Ya ce, "Yaya Garba, kai za ka iya tsaya mini."

Na ce masa sai na yi shawara. Ƙarya nake. A Mafaza aka haife ni, a nan aka binne ubana, amma duk ranar da na shiga ofis da sunan Garba sai an tambaye ni daga ina kakana ya zo. Na ji tsoron in je tsaya wa wani a tono tawa takardar. Shekara nawa ina yi masa dariya, ashe tawa jakar a cikin ciki take rataye. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Gaskiyarka, kai ma kana da iyali," ya tafi ya fara raba kayan aikinsa ga masu karo, yana nuna musu yadda ake wanke gyambo. Kwana bakwai ban iya haɗa ido da shi ba.

Rana ta takwas Adamu mai karo ya tsaya bakin rumfata bai ko sauko ba. Ya ce, "Alhaji, an ce kana jin harshe biyar. Ba ka iya 'na tsaya masa' da ko ɗaya ba?"

Na rufe rumfa na je na ɗauko Baitari. A ofishin jawazat, inda ake buga hatimin baƙi, jami'in ya dubi lasisina, ya dube ni, ya daɗe. Ya ce, "Ya Hajj, kana son ɗaukar likitan doki. Doki nawa gare ka?"

Ko jaki ba ni da shi. Sai muka ji haniniya. Jami'in ya leƙa taga: masu karo ne sun baro kasuwa ana tsakiyar awon dawa, sun jeru tun daga ƙofa har kwanar masallaci, Ifritu a gaba yana neman cizon mai gadi. Na ce, "Linzamin kowannensu daga rumfata ya fito, sa'adatak, ranka ya daɗe." Ya yi dariya, ya buga hatimi.

Muna fitowa, Baitari ya tsaya a kan matakala, gaban jama'a da mai gadi da kowa, ya cika ƙirji ya yi wani tari, gwaf! Har dawaki suka zabura. Masu karo suka ɗauki sowa. Nan take ya dafa jakarsa, ya juya ga mai gadin ya ce, "Malesh, yi haƙuri, ƙura ce."

Shekara goma sha ɗaya ina sa masa hannu, kowace shekara yana zuwa mini tun saura wata uku. Ranar da zai cika na zauna kusa da shi, ya jawo hannuna ya ɗora a ƙirjinsa ya ce, "Yaya, saura nawa?" Na ce wata biyar. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ba za su ce na wuce ƙa'ida ba."

Ni na cire masa jakar da za mu yi masa wanka, ranar ce kuma sabulu ya fara taɓa fuskarsa. Allah ya jiƙan Sule ɗan Katsina, ya gafarta masa, ya yafe mini kwana bakwai ɗin nan. Allah ya saukar da shi a gidan da ba a tambayar baƙo wa ya tsaya masa. Amin.