Zagayen Gaisuwar Saje Kallamu

A wani ƙauye da ke gefen hanyar Bagwai, inda gona ke manne da gona har ba ka gane iyaka sai ka ga layin gamba, akwai wani dattijo da ake kira Saje Kallamu. Duk wanda ya san shi zai gaya maka abu ɗaya: mutumin nan ba shi da gindin zama. In ka shimfiɗa masa tabarma, kafin a kawo ruwa ya miƙe yana duba dangar gidanka, yana nuna maka inda awaki za su ɓarke. Ko a masallaci, liman na shafa addu'a shi ne na farkon neman takalmi.

Iyayensa daga ƙasar Barno suka zo da shi yana goye. Fataucin busasshen kifi ya kawo uban, ya ga ƙasar noma mai kyau, ya ajiye kaya ya zauna. Kallamu ya tashi da Hausa a baki, Barbarcinsa bai wuce na gaisuwa ba, amma Fulanin da ke kawo nono gari har yau ba su fasa tsokanarsa ba, shi ma bai taɓa barin ta kwana ba.

Da ƙuruciya ya shiga soja, sojan ƙasa, irin masu tafiya a ƙafa da kaya a baya. An kai su aikin kwantar da tarzoma wata ƙasa, ya dawo da ɗan ɗingishi da kuma wani ƙulli a zuciya. A can aka harbi amininsa. Suka kira jirgi ya zo ya ɗauke shi, aka ce ga shi nan tafe. Suka share fili, suka zuba wa sama ido, har abokin ya cika a kan cinyarsa. Jirgi bai iso ba sai washegari. Kallamu bai taɓa tambayar dalili ba. Shi dai ya yanke hukunci tun daga ranar: sojan sama 'yan hutu ne, masu kwana a katifa, masu kakin da bai san laka ba.

Da ya ajiye aiki yana da muƙamin saje, ya koma gona. Da damina gero da dawa da gyaɗa, da rani tumatir a bakin madatsar Watari. Ya aurar da 'ya'yansa mata ɗaya bayan ɗaya, ya rage sai auta, Ridwan, namiji tilo. To, ka ji ikon Allah. Yaron nan yana gama makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, bai ga aikin da ya yi masa ba duk faɗin duniya sai sojan sama. Ba tuƙi yake yi ba. Shi ne mai kula da injin jirgi mai saukar ungulu, kuma duk inda jirgin ya tashi yana ciki, in an sauka shi ke kama masu rauni a shigar da su. Saje ya daɗe yana amsa gaisuwarsa ciki-ciki. Daga baya ya sauko, don yana son yaron ƙwarai, sai dai bakinsa bai sauko tare da shi ba.

Ana nan sai aka fara jin maganganu a rediyo, wai sojan ƙasa na son jiragen kansu, sun gaji da jiran na wasu, su kuma na sama suna cewa aikin nasu ne. Ran nan Saje kamar an yi masa bushara da kujerar Makka. Ya zaga majalisar gindin dalbejiya yana buga sanda a ƙasa.

"Ai dama! Mu da muke cikin wuta mu muka san zafinta. Ka kira su, sai sun gama barci, sun yi wanka, sun shafa mai."

Wani ya ce, "Saje, ɗanka fa na cikinsu."

Ya ce, "Shi ma na gaya masa."

Lokacin kaka ne, dawa ta sunkuyar da kai, sai ga Ridwan ya sauko daga mota ba sanarwa. Uwarsa Amsa ce ta fara lura. Ya rame, idanunsa sun yi jajir sun faɗa.

"Auta, lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau, Inna. Likitan bariki ne ya ba ni hutun 'yan kwanaki. Ya ce in zo gida in yi barci."

Saje da ke tsaye a bakin ƙofa ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Barci! Yanzu har barci likita ke ba ku? Mu a zamaninmu a tsaye muke yin namu, cikin ruwan sama. To, madalla da ka zo. Akwai gaisuwa a kanka."

Nan fa ake yin ta. A wajen mutanenmu, wanda ya daɗe ba ya gari in ya dawo ba ya zama sai ya zaga. Duk gidan da aka yi rasuwa ba ya nan sai ya je ya yi ta'aziyya, duk inda aka haihu sai ya je barka, mara lafiya a duba shi. Ɗan da ya dawo bai zaga ba, ubansa ake zunɗe. Ridwan kuwa ya daɗe rabonsa da gida, Saje kuma bai manta da ko gida ɗaya ba. Zumunci a ƙafa yake, in ji shi, kuma ƙafar nan ta ɗansa ce za ta taka.

Amsa ta ce, "Malam, ka bar shi ya ɗan runtsa ko na yau ne."

"Ya runtsa mutane su ce ɗan Kallamu ya hau sama ya raina na ƙasa? Hutun ma guda nawa ne?"

Tun daga ranar, ana idar da sallar asuba Saje zai fito da babur. Ridwan ke tuƙi, uban na baya yana nuna hanya da sanda. Daga wannan zaure zuwa wancan, daga unguwa zuwa ƙauyen gaba, har can wajen Tofa inda gwaggon Ridwan ke aure. Kowane gida sai an zauna, sai an kawo fura, kuma ƙin sha raini ne. Kowane gida sai an tambaye shi ko yana hango rufinsu daga sama. In sun dawo da yamma, waɗanda aka gaisar jiya sun zo rama gaisuwa, suna zaune a ƙofar gida suna jira. Ridwan bai taɓa yin musu ba. Yaro ne mai kunyar ubansa, kuma soja ne, an saba masa da cewa to. Amsa kaɗai ke ganin yadda yake dafa bango in zai tashi, abin yana cin ranta.

Ranar da zai koma, da safe, saura gidaje kaɗan. Suka je ta'aziyyar Malam Muhammad Auwal, wanda ya koya wa Ridwan karatun allo. Zaure ya cika da dattawa. Aka ɗaga hannu ana addu'a, aka yi fatiha, kowa ya shafa. Hannun Ridwan yana nan a sama. Kansa ya langaɓe a kan ƙirji, sai ga wani siririn minshari yana fita. Wani ya yi tari don ya danne dariya. Babban ɗan mamacin ya ce, "Ku bar shi, barci ɓarawo ne." Amma Saje ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya zungure shi da gwiwar hannu, suka fito.

"A zauren malaminka! A gaban mutane! Wannan shi ne abin da suka koya maka?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

Suka hau babur. Hanyar siririya ce, tsakanin gonakin dawa, kara na shafar kafaɗa hagu da dama. Saje na baya yana ta faɗa, yana riƙe da ƙugun ɗansa. Can sai ya ji jikin da yake riƙe da shi ya saki, kamar buhun da aka kwance wa baki. Ya san wannan sakin, ya taɓa jin irinsa a cinyarsa. Kafin ya buɗe baki babur ya bar hanya, ya kutsa cikin dawa, ya yi tsalle kan kunya biyu ya kwanta da su.

Allah ya taƙaita, ƙasar mai laushi ce. Saje ya kurje gwiwa, hularsa ta yi nata wuri. Ridwan ya tashi zaune yana zare ido, bai san ma ya faɗi ba. Da ya gane abin da ya faru sai ya kashe babur, ya duba ƙafar ubansa, sannan ya zauna a kan kunya ya dafe kai.

"Idona a buɗe yake, Baba. Wallahi a buɗe yake. Haka abin yake zuwa mini yanzu."

Saje ya ja jiki ya zauna kusa da shi. Ridwan ya ci gaba.

"Ya same ni a cikin jirgi. Ina kallon allurar mai, ban san lokacin da na tafi ba. Matuƙin ya yi ta kirana. Shi ma ba ƙalau yake ba, mun sha marin fuskarmu don kada mu tafi tare. Baba, nan mun faɗa gona. A sama babu gonar da za a faɗa."

"To me ya hana ku hutawa?" Muryar Saje ta yi ƙasa.

"Ku ne. Na ƙasa suna cewa ba ma zuwa in an kira, a ba su nasu jiragen. Manyanmu kuma sun rantse sai sun nuna wa duniya muna zuwa. Kowane kira sai a ce a tashi. Jiragen kaɗan ne, mu ma kaɗan ne. Mu sauka, in duba inji, kafin in cire takalmi an sake kira. Ba na jin haushin masu kiran, na san akwai mai jini a ƙasa yana jira. Amma gardamar tasu ce, idon namu ne."

Saje ya dubi ɗansa, ya dube shi sosai, abin da bai yi ba tun saukarsa daga mota. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a bakin daga. Gani ya kori ji. An aiko masa yaro ya ajiye shi ya huta, shi kuma ya ɗauke shi ya zaga da shi ƙasar Bagwai kaf, kuma yau da la'asar mota za ta mayar da shi.

Bai yarda aka sake hawa babur ba. Tura shi suka yi har gida.

"Shiga ɗakina ka kwanta," in ji shi.

"Saura gidan mai unguwa, Baba."

"Na ce ka shiga."

Wanda bai ga Saje Kallamu a wannan yini ba bai ga rashin zama ba. Ya kwance awaki ya kai su bayan gida. Ya tarar da Amsa ta ɗaga taɓarya za ta fara daka, ya riƙe ta a sama, ya ce a kai turmin maƙwabta. Ya kori zakara har sau ba adadi, zakaran na dawowa. Ya tsaya a ƙofar gida da sanda kamar mai gadin bariki, duk wanda ya doso da sallama sai ya tare shi tun daga nesa da yatsa a baki. Mai unguwa da kansa ya taso, da ya ji shiru ba a zo ba.

"Saje, ina sojan namu? Ko laifi muka yi?"

"Ranka ya daɗe, barci yake."

"Da rana tsaka? A tashe shi mana mu gaisa."

"Ba za a tashe shi ba. Laifin nawa ne, ni zan zo in ba da haƙuri."

Mai unguwa ya juya ransa a ɓace. Saje ya san za a daɗe ana maganar nan a gari, bai kuma damu ba. Abin da ya dame shi rana ce. Yana ɗaga kai yana dubanta, ita kuwa kamar ana janta da igiya. Ya leƙa ɗaki, ya fito, ya zaga rumbu, ya sake leƙawa. Ridwan na kwance rub da ciki, ko riga bai cire ba, ƙafa ɗaya a ƙasa.

Aka kira la'asar. Amsa ta gama ɗaure masa ƙullin yaji da dakakkiyar kuka, ta zo ta tsaya kusa da mijinta.

"Malam, direba ya aiko. In wannan motar ta wuce babu wata, kuma gobe da safe ake nemansa."

"Na ji."

"To ka tashe shi."

"Na ce na ji, Amsa."

Ya shiga. Shi da ya tashi yaron nan tun yana ƙarami, da tsawa, da yayyafin ruwa, da bugun ƙofa, yau ya tsaya a kansa ya rasa ta inda zai fara. Ya miƙa hannu ya janye. Ya yi tunanin ya bar mota ta tafi, ya kuma san abin da ake yi wa sojan da bai koma kan lokaci ba. A ƙarshe ya durƙusa a kan gwiwar da ta kurje, ya dafa kafaɗarsa a hankali.

Ridwan ya zabura ya miƙe tsaye cak, idanu jajir ba sa ganin kowa, hannu na laluben takalmi.

"Na shirya, oga. Ina za mu?"

Saje ya riƙe hannun da ke laluben. "Gida kake, Auta. Ni ne."

Ya ɗauki jakar da kansa ya raka shi bakin titi. Ya sa direba ya sauke wani ɗan kasuwa daga gidan gaba ya ba Ridwan wurin, ya ce a kashe rediyo, ya ce kada wanda ya yi masa magana sai an shiga Kano. Kafin a gama ɗaure kaya kan Ridwan ya jingina da gilashi, bakinsa a ɗan buɗe. Saje yana da maganar da yake son gaya masa, ya zagayo ta gefen tagar ya tsaya, bai ƙwanƙwasa ba. Motar ta tashi, ya bi ta da ɗingishinsa har inda kwalta ta yi kwana.