Ilya da Ministan Rijiyoyi

In ka shiga kantin Alhaji Saley a unguwar Château Rouge ta Paris ka ga wani dogo mai furfura yana sauke dilolin atamfa, to Ilya ke nan. Kada ka raina shi. Mutumin nan ya fi ni da kai karatu, sai dai karatun bai tsinana masa komai ba, kuma wallahi har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni Moctar, ɗaki guda muka zauna da shi a Minguettes, can gefen Lyon, tun 2003 da ya zo daga Damagaram karatun siyasa. Da ya kai matakin dokta sai ya zaɓi ya rubuta tarihin wani ɗan siyasar Indiya. Indiya fa! Na ce, "Malam Ilya, ƴan siyasar gida sun ƙare ne?" Ko Indiyawa masu sai da kayan yaji ba su san sunan mutumin ba, na tambaya da bakina.

Amma Ilya ya san shi kamar kakansa. Ɗan manomi ne, Musulmi, Turawan Ingila sun ɗaure shi yana saurayi. Da ƙasarsu ta sami ƴanci aka ba shi ministan ruwa a wata jiha mai fari, ya bi ƙauye-ƙauye yana gina rijiyoyi. Ilya kuwa uwarsa ta tsufa tana jan guga a rijiyar da ba a hango ruwanta. Burinsa ya gama, ya koma Yamai ya koyar, ya nuna wa yaranmu cewa ɗan talaka ya taɓa riƙe mulki ya shayar da mutane. Muna cin taliya yana ba ni labarin rijiyoyi, har na haddace su ba don ina so ba.

Sai ya tafi Landan duba tsofaffin takardu. Ya dawo, ko jakarsa bai kwance ba. Da ƙyar ya gaya mini abin da ya gano. Ashe a ƙarshen mulkinsa ministan ya gina babbar madatsar ruwa, mutanen ƙauyukan wurin suka ƙi tashi, ya tura musu ƴan sanda. An kashe mutane, ruwa ya cinye gonaki da maƙabartu. Shi kuwa ya ci gaba da zama a kujerarsa har ya mutu ana yabonsa.

Ilya ya rubuta komai, ya tsallake wannan. Malamar da ke duba aikinsa, wata Bafaranshiya mai haƙuri, ta karanta ta ce, "Ina babin madatsar?"

Ya ce, "Madame, mutumin ya rasu. Mu ba ma tona asirin mamaci."

Ta ce, "Duk waɗanda muke nazari a nan matattu ne, Monsieur."

Ta gaya masa sarai: ba babin, ba zama gaban malamai a kare aiki, ba digiri. Katin zamansa a Faransa kuma a kan karatun yake rataye.

Na yi faɗa har na gaji. Na ce, "Haba Ilya! Ubanka ne? Waɗanda aka harbe fa, su ba mamata ba ne?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce ya sani, amma mutumin yana gaban Ubangijinsa, ba shi da bakin kare kansa, shi ba zai zama mai tuhumarsa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, ban musa ba. A wajen makoki ko ɓarawo ne sai a ce mutumin kirki ne. To amma jami'a ba wajen makoki ba ce, na faɗa masa ya fi a ƙirga.

Kowace shekara sai ya kai mata sabon babi a kan wani abu daban: makarantar da ministan ya yi, zamansa a kurkuku, har irin famfon da ya sa aka sayo. Tana karɓa, tana tambayar madatsa. A ƙarshe jami'a ta ƙi sabunta masa rajista, katin zama ya mutu. Komawa gida hannu rabbana kuwa, bayan duk ƙauyensu suna kiransa Dokta, ya ce ba zai iya ba. Ni na riga na dawo Paris, sai na roƙi Alhaji Saley ya ɗauke shi dako a ɓoye.

A 2016, ban san abin da ya taɓa shi ba, ya zauna ya rubuta babin. Bai rage komai ba, har sunayen ƙauyukan da ruwa ya rufe. Ya hau mota ya tafi Lyon. Malamar ta yi ritaya, amma ta karɓe shi a gidanta, ta karanta a gabansa. Ta ce wannan ne abu mafi kyau da ya taɓa rubutawa, sannan ta ce ba ta da sauran iko, kuma babu malamin da zai ɗauki ɗalibin da ba shi da takardun zama.

Na tare shi a tasha da ya dawo. Muna cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ce, "Moctar, da can kowace Juma'a sai na yi wa ministan nan addu'a. Tun da na rubuta sunayen ƙauyukan nan, in na ɗaga hannu sai bakina ya ƙi. Na tona masa asiri, kuma a banza."

Muka sauka Château Rouge. Motar kaya ta riga ta iso, Alhaji yana tsaye a ƙofa yana neman mai saukewa.