Yaƙin Duniyar da Ya Cinye Mini Shekara Guda

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na sakandare a Agege, rigimar manyan ƙasashe ta cika rediyo da wayoyi. Wani abokin mahaifina, wanda suke sayar da albasa tare a kasuwar Mile 12, ya kafa hujja a teburin mai shayi: yaƙin duniya na ɗaya ya haifi na biyu, to na biyun ma dole ya haihu. "Komai sai ya cika uku," in ji shi. "Sallama sau nawa ake yi? Wanke hannu a alwala fa?"

Maganar ta zauna wa mahaifina. Ga filin jirgin Ikeja a bayanmu, kullum jirage na ratsa saman kwanonmu. Ya ce nan bam zai fara sauka. Ya yanke shawarar mayar da ni da mahaifiyata ƙauye, ga jarrabawar fita ta ƙarato.

Mahaifiyata ta roƙe shi ya fara jin ta bakina, tunda ni ne mai kwana da littattafan tarihi. Zan fita ta ja ni gefe. "Ka ce ba za a yi ba, ka ja bakinka ka yi shiru. Ka ji ko?"

Na tsuguna gaban mahaifina da abokansa, kaina a ƙasa. Na ce gaskiya ne an kashe wutar yaƙin farko an bar garwashi, domin an wulaƙanta waɗanda aka ci. Amma shugabanni sun sami damar tsayawa, suka ƙi. Cewa dole ne, wanke masu laifi ne.

"Kai ɗan boko, ba lacca muka zo sha ba," abokin mahaifina ya katse ni. "Za a yi ko ba za a yi ba?"

"Ba dole ba ne, Baba."

"Za ka rantse ba za a yi ba?"

Na ce, "Gaskiya ba ni da tabbas."

Ya tafa hannu. "To kun ji! Duk tulin littattafan nan, shi ma bai sani ba!"

Aka sa mu a mota zuwa ƙauye. Har muka haye gadar Jebba mahaifiyata ba ta ce mini uffan ba.

Jarrabawa ta wuce ni. Na shekara ina korar awaki daga gonar kakana, yaƙi bai zo ba. Da aka dawo da mu, na yi ƙarfin hali na tambayi mahaifina labarin yaƙin. Ya ce, "Addu'ar bayin Allah ce ta tare shi."

Wannan amsa har yau tana ci mini rai. Abin da ake iya tarewa ai ba dole ba ne, kuma abin da na faɗa ke nan tun farko! Na lura mutane sun fi son tabbas, ko da na halaka ne, a kan "ban sani ba". Kwanan baya na gaya wa mahaifiyata ko yau aka sake tambayata, amsar ba za ta canza ba. Ta dube ni ta ce, "Na sani. Shi ya sa ba zan sake aikenka ba."